Babu Komai, Mama

Ranar da labarin ya iske ta, Mai Ɗinki tana zaune gaban keke da allurar hannu a baki, tana kama wuyan wata riga da mai ita ta yi ta sintiri a kanta har ta fara baƙar magana. Da hantsi ta baro asibiti. Ta watsa ruwa, ta kurɓi shayi a tsaye, ta buɗe shago da niyyar ta sallami mai rigar nan ta koma wurin 'yarta Auta kafin yamma.

Sai ga ƙaninta, direban motar haya. Mutumin da kullum daga bakin titi yake danna hon yana kwaɗa mata kira, "Yaya, tsohon keken nan har yau bai yi ritaya ba?" yau ya bar mota a karkace, ƙofa a buɗe, ya shigo shago da hula a hannu.

"Yaya, rufe shagon."

"In rufe in ci me? Tsaya in ƙarasa wuyan nan, mu tafi tare."

"Yaya, rufe."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi hular da yake murzawa. Allurar ta suɓuce daga bakinta.

"Ƙarya kake," in ji ta. "Ƙarya kake yi. An ce mini babu komai. Da bakinta nas ɗin ta ce mini babu komai."

Auta ce ƙarama a cikin 'ya'yanta, ita kaɗai ta rage a gabanta tun da mahaifinsu ya rasu, sauran kowa ya kama gabansa. Ita ke sa maɓalli, ita ke guga, ita ke lallashin masu kaya idan bakin uwar ya yi zafi, bakin uwar kuwa ba ya raina abin yin zafi. Ciwon ciki ne ya murɗe Auta a kan teburin guga. Aka kai ta asibiti, likita ya ce sai an yi aiki. Aka yi, aka fito da ita, aka ce an yi nasara. Aka kwantar da ita a ɗakin mata, gadon bakin taga, da ƙarin ruwa a hannu, da wata 'yar roba da ta fito daga gefen cikinta ta sauka cikin jaka a ƙasan gado.

Mai Ɗinki ba ta yi nisa a makaranta ba. Ba ta san sunan robar ba, ba ta san aikinta ba. Amma tana da ido, kuma tabarmarta a gindin gadon take, jakar nan tana daidai fuskarta. Da farko ruwan da ke ɗiga kamar wanda aka wanke nama a ciki yake. Da gari ya waye sai ta ga ya yi ja sosai, ya kuma ƙaru. Hannun Auta sanyi ƙalau. Leɓenta ya bushe, ba ta da magana sai ta ƙishirwa.

Nas ɗin da ke kula da layinsu yarinya ce sabuwa, rigarta fara fat, karin guga ma bai baje ba. Matan ɗakin 'Yar Sabuwa suke ce mata. Tana da fara'a, tana russunawa ta gaida manya, ba ta daka wa kowa tsawa. Mai Ɗinki ta so ta a ranta tun ganin farko, abin da ya fi ƙona ta ke nan daga baya.

"'Yar nan, zo ki gani. Ruwan nan jiya ba haka yake ba. Haka ake yi?"

Yarinyar ta sunkuya ta leƙa jakar. Ta ɗan jima a sunkuye. Ta waiga can ƙarshen ɗaki, inda Babbar Nas ke zaune a tebur tana rubutu. Sannan ta miƙe ta yi murmushi.

"Babu komai, Mama. Haka yake yi."

"Hannun fa? Taɓa ki ji."

"Fanka ce, Mama." Ta jawo bargo ta rufe hannun.

"To in je gida in watsa ruwa, ko in zauna? Faɗa mini. In zama ne, zan zauna."

"Je ki abinki, Mama. Ai muna nan."

Auta ta buɗe ido da ƙyar, ta ce, "Inna, don Allah ki je. Kin fara tsami, ƙudaje har sun fara yi miki rakiya."

Matan gadajen kusa suka yi dariya. Mai Ɗinki ta ce, "Ja'ira, bari ki tashi ki gani." Ta naɗe tabarma ta fita. Ba ta ko waiwaya ba, don an ce mata babu komai.

Masu ta'aziyya suka cika gida suka watse. Kowa da abin da ya zo da shi a baki: kwana ne ya ƙare, sai haƙuri, kowa lokacinsa yake jira. Tana amsawa, don ba yau ta fara binne nata ba, ta san mutuwa ba ta neman izinin kowa. Ba da mutuwa take faɗa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat: ko dai yarinyar nan ta ga Auta tafiya za ta yi, ta kore ta gida don kada ta cika musu ɗaki da kuka, ko kuwa ba ta san komai ba, ta buɗe baki ta faɗi abin da ya zo mata. Ko wanne ne, daga bakin yarinyar take son ta ji.

Ƙaninta ya ce, "Yaya, ki bar wa Allah. In kin ji, me zai ƙara miki? Auta za ta dawo ne?"

"Kai in motarka ta kashe fasinja, ba a tambayarka birki ne ya tsinke ko gyangyaɗi ka yi?"

"Ana tambaya."

"To ni ma tambaya zan yi. Kai ni, ko in hau motar wani in ce masa ƙanina ya mutu."

Ya kai ta.

Likitan da ya yi aikin ya karɓe ta a ofis, ya ba ta kujera. Ya yi bayani mai tsawo, har da zane a bayan takarda. Abin da ta tsinta a ciki shi ne jini ya ɓalle ta ciki, kafin a farga ya zuba da yawa, an mayar da ita ɗakin tiyata amma jiki ya riga ya saki.

"Da an gani da wuri fa?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Wataƙila da an cece ta. Wataƙila kuma a'a. Ba zan iya rantse miki a kan ɗaya ba."

"Na gode. Kai dai ba ka shafa mini mai a baki ba. Amma ba kai nake nema ba. Ina yarinyar?"

Nan aka fara buga ta kamar ƙwallo. Yau a ce ba ta zo ba, gobe a ce an canja mata ɗaki, jibi a ce tana hutu. Mai gadi ya ce ba lokacin ziyara ba ne. Ta ce, "Ni wa nake da shi a ciki da zan ziyarta? Kun riga kun ba ni nawa a naɗe." Ya matsa ya ba ta hanya.

Da ta ga abin na yi ne, sai ta fara zuwa da aikinta. Akwai wani dogon benci a baranda, ƙafarsa ɗaya an tokare da bulo. Nan take zama da jakar zare da almakashi, tana kalmasa bakin zane, tana sa maɓallan da a da ba ita ke sawa ba. Masu shara suna share gefen ƙafarta. Nas-nas suna wucewa suna kau da kai. Wata ta ce a bayanta, "Matar nan ta zautu." Ta ce, ba tare da ta ɗaga ido daga allura ba, "Saura kaɗan. Ku ne kuka ɗora tukunyar, ku jira ta tafasa."

Wata safiya ta hango 'Yar Sabuwa. Daga ɓangaren yara ta fito, tana tura keken magunguna. Ta rame, rigar ta yi mata yawa a kafaɗa. Da idonsu ya haɗu, yarinyar ta ja keken baya kamar za ta juya.

"Tsaya nan! Ke nake jira!"

Zare ya zube ƙasa ya gangara, ba ta bi ta kansa ba. Masu jinya suka fara leƙowa ta tagogi. Kafin taro ya haɗu, Babbar Nas ta fito da sauri ta tura su su biyun cikin wani ɗan ɗaki mai warin maganin wanke ciwo, kwalayen safar hannu jibge har rufi. Ta rufe ƙofa ta tsaya a tsakaninsu. Mace ce mai jiki, furfura ta leƙo ta gefen hularta, ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmi.

"Baiwar Allah, mun san zafin da kike ji..."

"Kin san shi? A ina kuka gamu? Matsa, ba wurinki na zo ba." Ta leƙa ta gefen kafaɗarta. "Ke, dube ni. Ranar da na nuna miki jakar nan, kin san abin da kike gani, ko ba ki sani ba?"

"Ba sai ta amsa ba," in ji Babbar Nas. "Akwai ofishin da ake kai ƙorafi."

"Ofishi ne ya ce mini babu komai? Ofishi ne ya ce in je abina? Bakin da ya faɗa shi zai amsa."

'Yar Sabuwa ta jingina da kwalaye. Muryarta da ƙyar ta fito.

"Ban sani ba, Mama."

"Ɗaga murya. Ranar nan ai na ji ki sarai."

"Ban sani ba. Na ga ya yi ja, gabana ya faɗi. A makaranta an ce yakan yi ja bayan aiki, an kuma ce in ya yi yawa a kira likita. Ban san ina ne yawan ya fara ba. Ban taɓa gani da idona ba sai ranar."

Mai Ɗinki ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a ƙirji. Ta daɗe tana shirya wa mugunta amsa. Ba ta shirya wa wannan ba.

"To bakinki ciwo yake? Ga wannan a zaune a tebur, na ga kin waiga kin dube ta. Daji ne tsakaninku?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Da safen na riga na yi mata tambaya har ta gaji. Ta ce a gaban mutane, in takardar tawa sayo ta na yi, in faɗa tun da wuri. Na ji kunyar in koma."

"Kunya!" Mai Ɗinki ta tafa hannu. "Kunya! Ku ji mini. Na bar 'yata a hannun kunya!"

Babbar Nas ta ɗaga murya ita ma. "Kin san gado nawa ke wuyana ranar nan, da hannu nawa nake da su? In na tsaya amsa wa kowace sabuwa tambaya, wa zai ba da magani? Kuma haka aka koya mana, haka muke koyarwa: ba a tsayawa gaban majinyaci da farar riga a ce ban sani ba. Hankalinsu tashi yake yi. Su daina yarda da mu, su ɗauke mara lafiya su gudu da shi."

"Hankalina ya tashi mana! Wa ya ce muku kwanciyar hankali na zo nema? Da hankalina ya tashi, da na zauna. Da na yi ta dukan ƙofar likita har ya fito ya zage ni, in ce zagi dai ka zo ka duba. Ko da ba ta tashi ba, da hannunta yana cikin nawa. Kun kwantar mini da hankali, kun tura ni gida in kama wuyan rigar wata! Ni ban yi boko ba, na san ban sani ba, shi ya sa na tambaya. Ita ma ba ta sani ba. Makafi biyu a bakin rijiya, ɗaya ta ce wa ɗaya, taho, hanya ce. Don me? Don kada riga ta ji kunya? Rigar nan yadi ne, ni na san yadi, ba ya jin komai. Mutum ne ke ji!"

A waje wani yaro yana kuka, ana rarrashinsa. Babbar Nas ta jawo kujera ta zauna da nauyi, ta zuba wa ƙasa ido.

Numfashin Mai Ɗinki ya ɗan sauka. Akwai wata tambayar a ƙarƙashin ta farko, wadda ba ta taɓa faɗa wa ko ƙaninta ba. Yanzu da aka ɗage ta sama, sai ta ƙasan ta fito da kanta.

"Ta neme ni?"

Babbar Nas ta yi wuf ta ce, "Barci take yi, baiwar Allah. Ba ta ji komai ba, cikin sauƙi ta..."

"Kina wurin?"

Babbar Nas ta kau da kai.

"Na ce kina wurin?"

"Ina waya da ɗakin tiyata."

"To rufe mini baki. Ke fa?"

'Yar Sabuwa ta ɗago. Mai Ɗinki ta ga leɓenta ya fara shirin murmushin nan, ta ga idonta ya tafi wajen babbarta kamar wancan karon. Ta ce a ranta, in yarinyar nan ta sake, yau sai an ɓamɓare ni daga wuyanta. Amma murmushin bai ƙarasa ba. Yarinyar ta haɗiye shi, ta dawo da idonta.

"Ban sani ba, Mama. Lokacin an aike ni karɓo jini, kafin in dawo an wuce da ita. Amma akwai wadda ta riƙe mata ƙarin ruwa da ake tura gadon, wata dattijuwa cikin masu shara. Ki zauna nan, zan nemo ta. Ko na same ta ko ban same ta ba, zan dawo in faɗa miki."

Ta fita ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Mai Ɗinki ta zauna a kan kwali. Ita da Babbar Nas babu mai kallon wata. Can aka ƙwanƙwasa aka kira Babbar Nas, ta tashi ta fita, ta bar ƙofa a buɗe. Rana ta taso ta shigo ta ƙofar har ta taɓa ƙafar Mai Ɗinki. Ta ce a ranta, ta gudu. Na sake yarda da ita, ta sake yi mini. Ni ce jakin da aka ɗora wa kaya sau biyu. Ta miƙe tana gyara mayafi, tana shirin ta bi ɗaki ɗaki tana kiranta da sunan da ya dace da ita.

Sai ga yarinyar, gumi ya jiƙe mata wuya, tana janye da wata dattijuwa gajera mai goge hannu a jikin riga.

"Can bayan ɗakin wanki na same ta, Mama. An mayar da ita can."

Dattijuwar ta ƙare wa Mai Ɗinki kallo. "Ke ce uwar mai barkwancin nan ta bakin taga? Wadda ta ce tsintsiyata ta fi ni ƙiba?"

"Ni ce."

"Allah ya ji ƙanta. 'Yar nan ta ce in faɗa miki yadda aka yi, kada in rage. Kina so?"

"Shi na zo ji."

"Ta neme ki, 'yar'uwa. Ba zan rufe ki ba. Da aka ɗaga gadon ta buɗe ido ta ce, ina Inna? Na ce kin je gida ki dawo. Ta ce a kira ki. Muna tafe a baranda ina riƙe da robar ruwan sama, ta sake cewa, Inna ba ta zo ba? Na ce an tafi kiranki. Ta ce to. Daga nan aka shige da ita, aka rufe ƙofa. Iyakar abin da na gani ke nan. Abin da ya faru a ciki ban sani ba."

Mai Ɗinki ta dafa bango. Ba ta yi kuka a nan ba, ta rantse ba za su ga hawayenta ba. Ta ce wa dattijuwar, "Allah ya saka miki." Sannan ta juya ga yarinyar, wadda hawaye ya riga ya wanke wa fuska.

"Share idonki, ba ke aka yi wa mutuwa ba. Kuma kada ki ga na yi shiru ki zaci na yafe. Ban yafe ba. Ban san ranar da zan yafe ba, ban san ko akwai ta ba." Ta ɗauki jakar zarenta. "Amma yau kin ce za ki dawo, kin dawo. Abin da kika yi mini yau, shi ya kamata ki yi mini ran nan. Bai fi ƙarfinki ba. Kin gani da idonki bai fi ƙarfinki ba."

A baranda ta ci karo da Babbar Nas ɗauke da tiren allurai. Ta tsaya a gabanta har sai da matar ta ɗago.

"In ƙaramar ta tambaye ki, ki amsa mata. In kin gaji, ki zage ta bayan kin amsa."

Ta wuce, ba ta jira jin komai ba.

Ƙaninta yana bakin ƙofar asibiti a cikin mota. Ya dubi fuskarta ya ce, "Yaya, kin ji abin da kike nema?"

"Na ji."

"Ya yi sauƙi?"

"Bai yi ba. Ja mota."

Ba ta sake komawa bencin nan ba. Fushin kuwa yana nan inda yake, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, kamar tabon wuta. Masu kaya sun ce bakinta ya ƙara zafi, kuma yanzu babu mai lallashinsu, wasu sun ɗauke ɗinkinsu sun kai wani wuri. Ba ta roƙi kowa ba.

Kullum da safe takan zo shago kafin maƙwabta su buɗe. Ta cire kwaɗo, ta tura ƙofa, ta tsaya a bakin ɗakin da ke warin man keke da sabon yadi. Kafin ta gaida kowa, kafin ta kunna fitila, sai ta ce a hankali, "Ga ni, Auta. Na zo."

Sannan ta yaye zanen da ta rufe keke da shi, ta zura zare.